Yadda Ake Shirya Hirar Rediyo Mai Sa Mai Sauraro Tunani: Jagora Daga Legas

Kafin ka ɗauki na'urar naɗar magana, ka fara tuna wanda zai saurare ka. A Legas, shi ne mai gadin da ya rataye ƙaramar rediyo a jikin ƙusa a bakin wani gida a Lekki, da direban tirelar da ya kwana uku a layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa, da mahaucin kwatar Oko-Oba a Agege, da matar da ke tuyar ƙosai a Idi-Araba tana jin shirin ta waya. Kunnen waɗannan mutane ya waye. Sashen Hausa na BBC yana magana da iyayensu tun 1957, kuma a nan Legas aka kafa sashen Hausa na Rediyon Faransa a 2007, ga Muryar Najeriya da gidanta ke Ikoyi. Saboda haka suna gane tambayar da aka yi don a ji gaskiya, suna kuma gane wadda aka yi don a faranta wa baƙo rai. Wannan jagora na rubuta shi ne domin matashin da aka ba shi fili a gidan rediyo, ko wanda ke naɗar hirarsa da kansa yana sakawa a intanet, yana son ya taɓo muhalli, addini, abinci da siyasa ta yadda mai sauraro zai kwana yana juya maganar a ransa.

Mataki na farko: ka zaɓi abu ɗaya da hannu zai iya taɓawa

Kuskuren da na fi gani wurin sababbin masu gabatarwa shi ne ɗaukar batu mai faɗin da ba a ganin gaɓarsa. Wanda ya ce yau zai tattauna a kan “matsalar abinci a Najeriya” zai tashi da jawabi, domin baƙon da aka buɗe wa ƙofa irin wannan sai ya shiga ya yi ta yawo. Ka sauko ƙasa, ka ɗauki kwandon tumatir guda ɗaya da aka sauke da asuba a kasuwar Mile 12, ka tambayi kanka abin da ya sa kuɗinsa ya kai inda ya kai.

Kwandon nan ya taso ne daga gonakin noman rani irin na Kadawa da Kura a jihar Kano ko Danja a jihar Katsina, ya yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 a cikin zafi. Idan ka bi sawunsa za ka ci karo da muhalli, domin ruwan madatsu da tsananin zafi da ƙwari su ne ke yanke hukuncin yawan amfanin da za a samu. A 2016 wata tsutsa mai suna Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Arewa har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, kuma matan Legas sun ji raɗaɗin abin a tukunyarsu. Za ka ci karo da siyasa, domin tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 kuɗin sufuri ya sauya, ga kuma shingaye da masu karɓar kuɗi a kan hanya waɗanda kowane direba zai iya lissafa maka su. A farkon 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, 'yan kasuwar abinci da dabbobi sun dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, nan take kowa ya gane cewa kwandon tumatir ma yana da bakin magana a siyasa. Sannan za ka ci karo da addini, domin idan azumi ya gabato farashi ya tashi, tambayar ɓoye kaya da tauye mudu da cin ƙazamar riba tana hannun malamai.

Ka ga ke nan batutuwa huɗun suna cikin kwando ɗaya. Ba lallai ka taɓo su duka a zama ɗaya ba, hasali ma ina ba da shawarar kada ka yi hakan. Ka rubuta tambaya ɗaya tak a saman takardarka, wadda za ka iya faɗa wa yaro ya maimaita, misali: wane ne ke cin riba tsakanin manomi a Kura da mai miya a Agege? Duk abin da bai taimaka wajen amsa wannan tambaya ba, ka ajiye shi don wani shirin.

Mataki na biyu: tattaki kafin situdiyo

Ba a shirya hira irin wannan a kan kujera. Ka je inda abin yake faruwa aƙalla sau ɗaya ba tare da na'ura a hannu ba. Idan Mile 12 ce, ka isa kafin gari ya waye sosai, lokacin da motoci ke juye kaya, 'yan dako na gudu da kwanduna a ka, ƙasa ta yi caɓi da ruɓaɓɓen tumatir da ganyen albasa. Ka tsaya ka ga yadda dillali ke ɗaga murfin kwando yana nuna na sama, mai saye kuma yana cusa hannu can ƙasa don ya ji wanda ya matse ya yi ruwa. Wannan hannun da ake cusawa ƙasan kwando shi kaɗai ya isa ya haifar maka da tambayoyi uku: nawa ke lalacewa a hanya, wa ke ɗaukar asarar, kuma me ya hana a koma amfani da akwatunan roba waɗanda ba sa danne kaya kamar kwandon gargajiya?

Kowace kasuwa a Legas tana da shugabanni, kuma ba a shiga gida ta taga. Ka fara zuwa ofishin ƙungiyar 'yan kasuwa ka gabatar da kanka, idan unguwa ce ka gai da Sarkin Hausawa ko wakilinsa, idan akwai Baale (mai unguwa) ko Iyaloja (shugabar kasuwa) a ɓangaren Yarbawa su ma ka kai gaisuwa. Amma neman izini daban, barin shugabanni su zaɓa maka wanda za ka yi magana da shi daban. Na taɓa yin wannan kuskure a wata kasuwa da ba zan ambata ba: na yarda wani jami'in ƙungiya ya tsaya a gefena ina hira da wani dattijon ɗan dako, sai ga shi duk tambayar da na yi masa amsarsa “sai godiya”. Da na dawo bayan kwana biyu ni kaɗai, muka zauna a teburin mai shayi, sai ya zayyana mini kuɗaɗen da ake cire masa a kowane kwando kafin abin ya shiga aljihunsa. Hirar farko ban sa ta a iska ba.

Bayan tattaki sai takardu. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana fitar da alkaluman farashin abinci. A jihar Legas kuma akwai LAWMA mai kula da shara da LASEPA mai kula da kare muhalli. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumar da aka rubuta wa kwana 7 ta ba da amsa, don haka ka saba da rubuta takarda kana ajiye kwafin da aka buga wa hatimi. Ko ba a amsa ba, kana da abin da za ka gaya wa mai sauraro da ranar da ka aika.

Mataki na uku: zaɓen baƙo

Ka nemi wanda abin ya shafa da wanda ke da ikon sauya abin, ka fifita su a kan wanda ya iya magana kawai. Akwai mutanen da kowane gidan rediyo ke kira domin ba sa ƙin zuwa kuma bakinsu ba ya gajiya, yau su ne masana tsaro, gobe masana noma. Mai sauraro ya gaji da su. Direban da ya yi shekara ashirin yana bin hanyar Mokwa da Jebba ya fi su sanin abin da ke faruwa a hanya.

Ka dage wajen samun muryar mata, ko da hakan zai ci maka ƙarin kwanaki. Ita ce ta san abin da kuɗin cefanen da aka bari da safe zai iya saya, ita ce kuma ke kwashe ruwa daga ɗaki idan magudanar layi ta toshe. Idan shiga gida zai yi wuya, ka nemi izinin maigida ta hannun wanda ya yarda da shi, ko ka tafi da abokiyar aiki mace ta yi hirar. Haka kuma kada ka taƙaita a kan Hausawa. Jami'in da ke da amsar tambayarka wataƙila Bayarabe ne da ba ya jin Hausa. Ka yi hirar da Turanci ko Yarbanci ko burokin, ka fassara daga baya. Shirin Hausa a Legas da ba a jin muryar maƙwabta a cikinsa yana ƙara wa mutanenmu zaman saniyar ware ne.

Tun a waya ka gaya wa baƙo batun da za a tattauna, da tsawon lokacin, da ko kai tsaye ne ko naɗa za a yi. Amma kada ka aika masa jerin tambayoyinka kalma da kalma, domin zai zo da hadda.

Mataki na huɗu: tsara tambayoyi

Tambayoyi shida zuwa takwas sun isa hirar rabin sa'a. Ka rubuta su gajeru, kowace da abu ɗaya a cikinta, domin idan ka haɗa tambaya biyu a numfashi ɗaya baƙo zai zaɓi mai sauƙin ya bar maka ɗayar. Ka fara da abin da ya gani da idonsa, sannan dalili, sannan alhaki. Tambayar da ta fara da “yaya aka yi” ko “me ya sa” tana buɗe baki. Wadda za a iya amsawa da i ko a'a ka ajiye ta don lokacin da kake son ka tsayar da mutum a kan magana ɗaya.

Gaisuwa tana da muhimmanci a wurinmu, kuma ba ta hana tambaya mai zafi. Ka yi doguwar gaisuwar kafin a kunna na'ura: an tashi lafiya, ya iyali, ya kasuwa, ya gajiyar hanya, wadda a Legas ba ƙaramar gajiya ba ce. Idan aka kunna, gaisuwa ɗaya ta isa. Ka kira kowa da abin da ya dace da shi, “Allah ya gafarta Malam” ga malami, “ranka ya daɗe” ga mai muƙami, “Hajiya” ko “Baba” ga wanda ya girme ka, sannan ka ajiye tambayarka yadda take ba tare da ka naɗe ta a cikin kirari ba.

Mataki na biyar: kayan aiki

Nan ba sai na tsawaita ba. Waya mai kyau da ƙaramin makirufo sun wadatar, matuƙar ka sa abin ji a kunne kana sauraron abin da ke shiga. Babban abokin gabarka a Legas shi ne janareta, sai hon ɗin danfo, wato motocin bas na haya, da lasifikar masu wa'azi da masu talla. Ka juya wa ƙarar baya, ka sa makirufo kamar tazarar taƙi ɗaya daga bakin mai magana, ka riƙe shi da kanka kada ka miƙa masa. Ka naɗi hayaniyar wurin ita kaɗai na minti ɗaya, za ta yi maka amfani wajen haɗa shirin. Ka sa wayar a yanayin da kira ba zai shigo ba, ka kuma tafi da abin caji.

Mataki na shida: zaman hirar kansa

A nan ne aikin yake. Takardar tambayoyi sanda ce ta dogarawa, amma tambaya mafi kyau tana fitowa ne daga amsar da aka ba ka yanzun nan. Mai gabatarwar da idonsa ke kan takarda yana jiran baƙo ya gama don ya karanto ta gaba zai bar zinariya ta wuce ta gabansa. Idan ɗan kasuwa ya ce “ai kafin kaya su iso an riga an cinye ribar”, ka tsaya a nan: su wa suka cinye, a ina, nawa? Ka kuma koyi yin shiru. Idan mutum ya kai ƙarshen amsa ka ɗan jinkirta daƙiƙa biyu ko uku kana kallonsa, sau da yawa abin da zai ƙara shi ne ainihin abin da ke cikinsa. Ka rage “to”, “haka ne”, “ƙwarai” da muke yi a hirar yau da kullum, domin a rediyo suna zama kamar ka amince da duk abin da aka faɗa. Gyaɗa kai ya isa.

Da ɗan siyasa, ka sa ran zai kauce. Za ka tambaye shi magudanar ruwa ya ba ka tarihin jam'iyya. Kada ka yi fushi, kada kuma ka bi shi. Ka bari ya numfasa, ka ce: “Ranka ya daɗe, na ji wannan, amma abin da na tambaya shi ne, yaushe za a yashe magudanar da ta bi ta bayan kasuwa?” Idan ya sake kaucewa ka sake maimaitawa sau ɗaya, sannan ka wuce, domin mai sauraro ya riga ya ji cewa ba a amsa ba. Ka san matakin ikon wanda ke gabanka: jihar Legas tana da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, kuma zalunci ne ka titsiye kansila a kan farashin man fetur, kamar yadda sakaci ne ka ƙyale shi a kan sharar unguwarsa. Idan batun hana acaba ne, wanda gwamnatin jiha ta tsananta a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni, 2022, ka kawo hujjar gwamnati ta haɗurra da tsaro, ka kuma kawo tambayar matashin da aka ƙwace wa babur: da me zai ci abinci gobe?

Da malami, ladabi wajibi ne, amma ladabi bai hana neman hujja ba. Malamai na gaskiya suna jin daɗin almajirin da ke tambaya. Kana iya cewa: “Allah ya gafarta Malam, ɗan kasuwar da ya sayi albasa da kaka ya ajiye sai ta yi tsada, yaushe ajiyarsa ke zama sana'a, yaushe kuma take zama ɓoye abinci da shari'a ta hana?” Idan mas'ala ce da malamai suka yi saɓani, ka nemi ya faɗi ɗaya fahimtar ko da ba ita yake bi ba, kada ka bari filinka ya zama wurin kafirta wani ko zagin wata ƙungiya. Legas tana da darasi a nan, domin a gida ɗaya na Yarbawa za ka tarar da Musulmi da Kirista uwa ɗaya uba ɗaya, kuma Musulunci ya daɗe a garin: an buɗe masallacin Shitta-Bey a 1894, an kafa ƙungiyar Musulmi ta Ansar-ud-Deen a 1923. Batutuwa kamar hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2022 da ya tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar, ko rufe masallatai da coci-coci da LASEPA kan yi saboda ƙarar lasifika, sun fi armashi idan ka zaunar da liman da fasto a teburi ɗaya ka yi musu tambaya iri ɗaya.

Da masanin muhalli kuwa, matsalar harshe ce. Zai zo da kalmomin makaranta, rabinsu da Turanci. Duk lokacin da ya faɗi kalmar da mai gadin nan na Lekki ba zai gane ba, ka dakatar da shi cikin ladabi ya warware. Ka jawo shi zuwa abin da ake gani: me ya sa ruwan Yuni da Yuli ke shiga ɗakuna a garin da ke kwance a bakin teku da fadamu, me cike fadama da yashi don gini ke jawowa unguwar da ke kusa, ina sharar da ake kwasa take ƙarewa in ba a juji irin na Olusosun a Ojota ba? A Janairun 2024 jihar ta haramta farin mazubin abinci na soso da ake zuba shinkafa a ciki, domin yana toshe magudanai. Ka tambayi masani amfanin haramcin, ka kuma tambayi mai sayar da abinci nawa sabon mazubi ya ƙara mata a kan kowane kwano.

Mataki na bakwai: kai tsaye da kiran masu sauraro

Buɗe layin waya yana raya shiri, yana kuma iya ƙona shi cikin daƙiƙa biyar. Ka sa wani ya riƙa amsa kira kafin a haɗa da kai, ya ji sunan mai kira da unguwarsa da abin da zai faɗa. Wanda ya fara zagin wata ƙabila ko wani addini a katse shi nan take, kai kuma ka faɗa a fili cewa gidan bai yarda da wannan magana ba. Wanda ya ambaci sunan wani ya ɗora masa laifi ba tare da hujja ba, ka ce zargi ne, kuma za a nemi jin ta bakin wanda aka zarga. Hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ƙasa, NBC, wadda aka kafa a 1992, tana da kundin ƙa'idoji da ya hana kalaman ƙiyayya da tunzura jama'a, kuma alhakin abin da ya fita a iska yana kan gidan. Dokar zaɓe ta hana watsa kamfe a cikin sa'o'i 24 kafin ranar ƙuri'a. Idan rikici ya tashi a kasuwa, kamar wanda aka yi a Mile 12 a watan Maris na 2016, kada ka karanta adadin mamata daga saƙon WhatsApp, kada kuma ka jingina faɗan mutum biyu ga ƙabilunsu, domin maganarka za ta isa Kano da Sakkwato kafin ƙura ta lafa a kasuwar.

Mataki na takwas: tacewa, fassara da komawa

Idan naɗa ka yi, ka saurari hirar gaba ɗaya sau ɗaya kafin ka yanke komai. Ka cire maimaici da tari da inda aka kauce, amma kada ka yanke “amma” ko “sai dai” da ke sauya ma'anar zance, kada kuma ka ɗauki amsar wata tambaya ka liƙa wa wata. Wajen fassara, ka bar muryar mai maganar ta fito na 'yan daƙiƙu kafin taka ta hau kai, ka fassara abin da ya faɗa da nauyinsa, ba tare da ka ƙara masa gishiri ko ka rage masa zafi ba. Idan talaka ya faɗi abin da zai iya jawo masa kora daga rumfa ko daga aiki, ka tambaye shi ko a sakaya sunansa, ko da shi bai yi tunanin hakan ba.

Za a miƙo maka ambulan da sunan kuɗin mota, musamman a gidajen 'yan siyasa. Na san halin da albashin 'yan jarida ke ciki, na san kuɗin motar Legas, amma hannun da ya karɓa ba ya iya riƙe makirufo a miƙe a zama na gaba. Ka yi godiya, ka ce aiki ya hana.

Bayan shiri ya fita, ka koma wurin waɗanda ka yi hira da su ka kunna musu a waya su ji. Dattijon ɗan dakon nan da na ambata, da ya ji muryarsa, bai ce komai a kanta ba. Sai ya nuna mini wasu yara da ke tsince ruɓaɓɓen tumatir daga cikin caɓi suna tarawa a roba, ya ce in bi su in ga wanda ke saye da kuma tukunyar da yake shiga. Washegari da asuba na dawo da na'urata.